Malam Nomau da Mabuɗi na Uku

Duk wanda ya daɗe a Gazawa ya san Malam Nomau, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba. Shi ne dattijon nan dogo mai tabarau ɗaure da zare, wanda idan ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara duban fuskarka kafin ya dubi agogo. Kakansa daga wajen Kaita ya ƙetaro da fataucin taba, ya ga ƙasar Gangara ta yi masa, ya sari gona ya zauna. A can aka haifi Nomau ana tsakiyar noman fari. Ya yi lakol, wato makarantar boko, a Gangara, ya ƙarasa a Agiye, daga nan aka ɗauke shi mai buga takardu da keken rubutu a wani buro na gwamnati. Shekara ashirin da shida ya yi a kan kujera guda.

Da can ba haka yake ba, in ji matarsa Zulai. Mutum ne mai fara'a, mai ba da aron keke da bargo. Abin da ya sauya shi ya faru ne a shekararsa ta tara a buro. Wani abokin aiki da suke cin tuwo kwano ɗaya ya roƙe shi aron hatimi na ɗan lokaci, ya ce wata takarda ce ta gaggawa. Nomau ya miƙa masa ya tafi sallar azahar. Bayan wata huɗu sai ga takarda ta bayyana, da hatimin buro a kanta, wadda ta mayar da wani yanki na burtali gonar wani mutum. Da shanu suka zo wucewa aka yi faɗa, wani makiyayi ya rasa yatsu uku. Kwana biyu jandarmomi suna yi wa Nomau tambayoyi. Daga baya an gane ba shi da hannu, amma ya je asibiti ya ga hannun mutumin nan da idonsa, kuma tun daga ranar bai ƙara ba kowa aron ko da alƙalami ba.

Wannan halin nasa ne ya sa, da ya ajiye aiki, Ardo Jaye ya zo har gida ya nemi ya zama sakataren ƙungiyarsu. Ƙungiya ce ta makiyayan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, Ardo Jaye ne shugabanta. Wasu sun yi gunaguni cewa Bahaushe ne wanda ko maraƙi ba shi da shi. Ardo ya ce musu abin da ya sa yake son sa ke nan, ga shi kuma mutum ne da ba a karɓar abu a hannunsa da daɗin baki.

Babban abin da ke hannun sakataren shi ne saƙon rana. Ƙungiyar tana da wakilai a bakin rijiyoyi da kasuwanni sama da arba'in. Kowace safiya sukan aiko da labari ta salula: rijiya kaza ta ƙafe, an ga ciwon kofato a wuri kaza, an hangi baƙin babura a dajin kaza. Akwai jerin ayyuka da na'ura ke yi da kanta, ɗaya na bin ɗaya. Ta tattara saƙonnin, ta ware su gari-gari, ta haɗa su labari guda, kafin azahar ta aika wa mutum kusan ɗari takwas. Ashiru ne ya ɗora wannan aiki shekara biyar da suka wuce, ɗan ƙanwar Malam Nomau, wanda ya yi karatun kwamfuta. Da ya samu aiki a Katsina ya tafi, sai ya bar wa kawunsa kalmar sirrin shiga. Malam Nomau ya haddace ta, ya rubuta ta sau ɗaya tak, ya liƙe a ambulan ya ba Ardo ajiya, shi da ba ya karanta boko.

Ba don son ɓoye-ɓoye kawai yake haka ba. A cikin na'urar akwai sunan kowane makiyayi, da lambar salularsa, da inda rugarsa take a wannan watan. A ƙasar da ake kora shanu a ƙetara iyaka da su, wannan jerin sunaye in ya faɗa hannun da bai dace ba, an gama da mutane.

Wata Alhamis cikin bazara, da hantsi, wata mata ta sauka daga motar Maradi ta shigo buron ƙungiyar da jaka a kafaɗa. Za ta yi shekara talatin da ɗoriya. Ta yi sallama, ta ce sunanta Batulu, daga ƙungiyar da ke tallafa musu aka aiko ta. Ta miƙa takarda. Ta ce kamfanin da ke riƙe musu da jerin ayyukan nan zai rufe wannan sashe ƙarshen wata, dole a kwashe komai a mayar sabon wuri, in ba haka ba saƙon rana zai tsaya.

Malam Nomau ya karanta takardar sau biyu, ya ɗaga ta wajen taga ya dubi hatimin. Gaskiya wata biyu ke nan yana ganin wani gargaɗi da Faransanci a kan allo yana maganar rufewa, amma ya ɗauka irin tarkon nan ne da ake aiko wa mutane, yana gani yana sharewa. Bai faɗa mata haka ba. Ya ba ta kujera da ruwa, ya fita bayan buro ya kira Maradi. Bai kira lambar da ke kan takardar ba, wadda ke cikin tsohon littafinsa ya nema. Aka tabbatar masa an aiko mace mai suna Batulu. Ya tambayi kamanninta, aka kwatanta masa, har da tabon da ke haɓarta. Ya dawo ya zauna yana satar kallon tabon.

Ya tambaye ta ƴar ina ce. Da ta ce Gidan Rumji, sai ya ɗaure fuska, don daga wajen can ne labarin satar shanu ya fi zuwa. Ta lura da hakan.

"Madam," in ji shi, "in kalmar sirri kika zo karɓa, gara ki kama motar azahar."

"Baba, ba ni son ta. In ma ka ba ni, ba ni amsa. Mabuɗi biyu za mu yanka don aikin ga kaɗai, kuma kai za ka yanka su da hannunka."

Ta yi masa bayani a tsanake. Akwai wata ƙaramar manhaja da ke yin ƙaurar. Ba ta da hotuna ko wurin dannawa, baƙin allo ne kawai, sai an rubuta mata umarni take motsi. Kafin ta fara, sai an ba ta izini a wuri biyu: mabuɗi ɗaya don ta shiga tsohon wuri ta karanta yadda aka tsara ayyukan, ɗaya kuma don ta rubuta su a sabon wuri. Mabuɗin ba ƙarfe ba ne, dogon jerin baƙaƙe ne da lambobi wanda na'ura ke ƙirƙira. Mai gida ne ke zaɓar ƙofofin da zai iya buɗewa, shi ne kuma ke sa ranar da zai daina aiki.

Ya saurara, sannan ya fara tambaya. In an ba manhajar mabuɗin, ina take ajiye shi? A cikin kwamfutar da aka yi aikin, in ji ta. Wace kwamfuta? Ta nuna tata da ke cikin jaka. Ya girgiza kai. Ya ce kwamfutar da za ta hau mota ta koma Maradi ba za ta ɗauki mabuɗin makiyaya ba, sai dai a yi a ta buro. Batulu ta dubi tsohuwar na'urar da ke lulluɓe da zanen atamfa, ta yi ajiyar zuciya, ta ce za a iya, sai dai da raunin rezon intanet ɗin nan na Gazawa saukar da manhajar kaɗai zai ci yini. Ya ce yini ba komai ba ne. Ya ƙara da cewa ba za a taɓa komai ba sai Ardo yana zaune, Ardo kuma yana wajen Gangara, sai gobe.

Ta yini tana saukar da manhajar, shi kuma yana bayanta a tsaye. Duk layin da ta rubuta sai ya sa ta karanta masa ta fassara, ya kwafe shi a littafinsa da kwanan wata. Wajen la'asar ta gaji. Ta juyo ta ce masa, ba da faɗa ba, ita ma ƙanen mahaifinta garke guda aka kore masa shekara uku da suka wuce, bai sake zama daidai ba har ya rasu. Malam Nomau ya yi mata ta'aziyya da zuciya ɗaya. A ransa kuwa yana cewa duk wanda aka turo da mugun nufi, ai irin wannan labarin zai zo da shi.

Ranar Juma'a da safe Ardo Jaye ya iso a bayan kabu-kabu, da sandarsa da malfarsa. Hausarsa a hankali take fita, kuma ba ya ɓarnar ta. Ya zauna a kan tabarma ya ce su yi, yana gani.

Da sabon wuri aka fara. Batulu ta nuna, Malam Nomau ya danna. Ya sa wa mabuɗin suna, ya ba shi kwana bakwai. Aka zo jerin ƙofofi, kowace da ɗan akwati a gabanta. Ta ce uku ake buƙata. Ya sa ta faɗi amfanin kowace, ya ƙi ta ukun, ta nuna masa a rubuce cewa ba tare da ita ba manhajar ba za ta iya ajiye ayyukan ba, sannan ya yarda. Mabuɗin ya fito, baƙaƙe arba'in a jere, da gargaɗin cewa ba za a sake nuna shi ba. A baƙin allo manhajar ta tambayi adireshin sabon wuri, aka ba ta. Ta tambayi mabuɗi, aka liƙa mata. Ba abin da ya bayyana.

Malam Nomau ya miƙe tsaye. Ya ce ina ya tafi? Batulu ta ce da gangan ake ɓoye shi, don kada na bayanka ya karanta. Bai gamsu ba sai da ta buɗe masa ɗan fayil ɗin da manhajar ta ajiye shi a ciki, ya gwada baƙaƙe huɗu na farko da huɗu na ƙarshe da waɗanda ya kwafa, ya ga sun yi daidai.

Saura tsohon wuri. Ya ce ta fita waje. Ta fita ta tsaya ƙarƙashin dogon yaro. Ya cire hularsa ya kife a kan hannunsa, ya buga kalmar sirri da yatsa ɗaya, sannan ya kira ta. Ta nuna masa shafin da ake yanka mabuɗai, shafin da shi bai taɓa shiga ba tun da aka bar masa aikin. Ya buɗe.

Shafin ba fanko ba ne. Akwai mabuɗi guda a ciki, an sa masa suna "gwaji".

Batulu ta matso da kujera, ta karanta a hankali. Ba shi da ranar mutuwa. An ba shi dukkan ƙofofi, har da ta jerin sunaye. Kuma an yi amfani da shi ranar Talatar da ta wuce.

Abu na farko da ya zo wa Malam Nomau shi ne ita ce. Talata aka shiga, Alhamis ta zo. Har ya buɗe baki, sai idonsa ya sauka kan ranar da aka yanka shi. Shekara biyar, a watan da aka ɗora aikin. A lokacin mutum ɗaya ne ke taɓa na'urar nan, kuma a gidansa yake kwana, Zulai ke dafa masa.

Ardo ya nemi a faɗa masa abin da aka gani. Malam Nomau da kansa ya faɗa, bai rage komai ba, har da sunan Ashiru. Ardo ya ce bara da sanyi, da aka kore wa mutanen wani ɗan ƙungiya, Ɗanbaba, shanu, kwana huɗu kacal da saukarsu a wurin, kuma ba kowa ya san sun sauka ba. Ya ce bai ce daga nan labarin ya fita ba, don kasuwa ma tana da baki. Sannan ya tambayi ko ana iya kashe mabuɗin.

Batulu ta ce ana iya, yanzu ma. Amma ta ba da shawara a ɗauki hoton shafin tukuna, a kuma rubuta wa kamfanin a nemi tarihin abin da mabuɗin ya taɓa. Ta gargaɗe su cewa mai yiwuwa wani aiki na halal ne ke dogara da shi, in an kashe shi wani abu ya tsaya. Malam Nomau ya ce in ya tsaya za su ga wanda zai yi kuka. Aka ɗauki hoto. Ya danna da kansa ya kashe mabuɗin.

Bayan sallar Juma'a suka yanka mabuɗin karatu kaɗai, suka ba manhajar. Batulu ta sa ta yi gwajin ƙaura ba tare da taɓa komai ba, ta jero abin da za ta yi, ayyuka shida, biyar za su wuce sumul, ɗaya sai an gyara da hannu. Ta gyara. Ranar Asabar aka yi ƙaurar gaske, ranar Lahadi kafin azahar salular Ardo ta yi ƙara da saƙon rana daga sabon wuri. Malam Nomau bai jira kwana bakwai ba. A gabansu ya kashe mabuɗan biyu, ya sa ta goge fayil ɗin, ya duba kwandon shara na kwamfutar. Da zai raka ta mota, ya ce mata ta gaida gida, ƴata. Ba abin da ya tsaya a aikin, ba kuma wanda ya yi kuka.

Sai ranar Laraba da hantsi salularsa ta yi ƙara, lambar Najeriya. Ashiru ne. Ya gaida kawunsa, ya tambayi Inna Zulai, ya tambayi zafi. Can ya ce, kamar abin ya faɗo masa ne kawai, yaya na'ura, lafiya take kuwa?

"Me ya sa ka tambaya yau?"

Ashiru ya yi ƴar dariya, ya ce tun da ya tafi ya bar wani ɗan abu da ke leƙawa kowace Talata ya gaya masa ko saƙo na fita. Ya ce aikin hannunsa ne na farko, ya kasa sakin sa, kuma yana tsoron ranar da zai lalace Kawu ya rasa wanda zai kira. Jiya abin ya ce masa an rufe ƙofa.

"Ka ce ka ba ni komai ranar da za ka tafi."

"Kawu, wallahi na manta ban faɗa ba. Daga baya kuma na san halinka, na ji nauyin faɗa."

Malam Nomau ya tambaye shi, in leƙen lafiya ne kawai, me ya kai mabuɗin ƙofar sunaye? Ashiru ya ce lokacin gwaji ne, ya danna duka don sauri, yaro ne a lokacin. Kawun ya tambaye shi wa ke taɓa kwamfutarsa a Katsina. Ya ce ba kowa. Ya ɗan tsaya, ya ce sau ɗaya dai ta taɓa kwana wajen mai gyara.

Bayan mako biyu amsar kamfanin ta zo, Batulu ta kira ta karanta masa. A kwana casa'in na ƙarshe, mabuɗin abu ɗaya yake yi, kowace Talata ya tambayi ko ayyuka sun gudana. Bai taɓa jerin sunaye ba. Abin da ya wuce kwana casa'in kuwa ba sa ajiyewa. Ta ce a ganinta yaron gaskiya ya faɗa. Malam Nomau ya ce satar shanun Ɗanbaba ta fi kwana casa'in. Ta ce haka ne, kuma ba wanda zai iya cewa komai a kai, ko ta wannan gefen ko ta wancan.

Ardo Jaye ya tara manyan ƙungiya a Agiye, aka yanke cewa daga yau ba za a ƙara rubuta inda rugar kowa take ba, suna da lamba da jiha sun isa. Saƙon ya rage daɗi, don yanzu mutumin Gangara yana samun labarin rijiyoyin da ba ruwansa da su, amma ba wanda ya nemi a koma yadda ake. A taron Ardo bai ambaci Ashiru ba. Malam Nomau ya nemi ya ajiye sakatarci, tun da shekara biyar yana gadin ƙofar gaba alhali ta baya a buɗe take. Ardo ya ce wani ai da bai ma tsaya karanta shafin ba, ya ce masa ya koma bakin aikinsa.

Da babbar sallah Ashiru ya zo gida. Ya kawo wa kawunsa yadin shadda, ya ci naman layya a zaure, suka yi hirar damina da tsadar taki. Da la'asar ya ce yana son ya ga yadda sabon tsarin yake, ko da daga nesa. Malam Nomau ya ce buro a rufe yake sai bayan sallah. Ashiru ya dube shi, ya ce ashe har yanzu Kawu na zarginsa.

"Ban ce ka yi ba," in ji Malam Nomau. "Ban sani ba ne. Kai ma kuma, tun da ta kwana wajen mai gyara, ba ka sani ba."

Ashiru ya ƙara kwana ɗaya maimakon ukun da ya yi niyya, ya koma Katsina. Mahaifiyarsa ta aiko daga Gangara tana tambayar ko wani abu ya haɗa su. Malam Nomau ya aika mata cewa yaronta yana da ƙoƙari, kuma shaddar ta yi kyau, ya ba tela. Zulai ta ce masa wannan ba amsa ba ce. Ya ce ita ce wadda yake da ita.